Jarka biyu a rana: dokokin ruwa na Cape Town da abin da ya haife su

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Yaron wajena ya samu gurbin karatu a Cape Town ta Afirka ta Kudu. A takardar hayar ɗakin da zai kama an rubuta cewa dole ya kiyaye dokokin ruwa na birnin, in kuma aka ci gidan tara ta dalilinsa, shi zai biya. Wani ya ce mana an taɓa ƙayyade wa kowane mutum ruwan da zai taɓa a rana a garin. Da gaske ne? Waɗanne dokoki ne, kuma har yanzu suna nan? Sannan mu da muke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, irin wannan doka za ta amfane mu? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sanya albarka a karatun, Ya kai shi lafiya. Wanda ya ba ku labarin bai ƙara gishiri ba. Daga ranar 1 ga Fabrairun 2018, hukumar birnin Cape Town ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. Jarkar mai ruwa tana cin lita 25, to jarka biyu ke nan, kuma a cikinsu ne sha da girki da wanka da wanki da alwala da kora ban-ɗaki. Ba a gida kaɗai ba: ruwan da mutum ya taɓa a wurin aiki ko a makaranta ma yana cikin lissafin.

Na san me za ki ce a ranki: jarka biyu ga mutum ɗaya, ai a unguwarmu wannan wadata ce. Gaskiyarki. Amma ki duba yadda gidajensu suke. Masai irin na zama yana zubar da kusan lita 9 duk dannawa ɗaya, in aka danna sau biyar rabon ranar ya kusa ƙarewa. Shawa tana iya sauke lita 10 a minti guda. Ga injin wanki, ga ciyawar ƙofar gida da ake ba ruwa, ga kwamin ninƙaya a gidajen masu hali. Don haka aka wayi gari mutanen da ba su taɓa ɗaukar bokiti ba suna tsayawa cikin baho su yi wanka, su kwashe ruwan da ya taru su kora masai da shi, fitsari kuma a bar shi ba korawa sai ya taru.

Abin da ya kai su nan shi ne birnin, mai mutum wajen miliyan 4, kusan duk ruwansa daga sama yake zuwa. Manyan madatsun ruwa shida ne ke riƙe da shi: Theewaterskloof, wadda ita kaɗai ta ɗauki fiye da rabin ajiyar, da Voëlvlei, da Berg River, da Wemmershoek, da Steenbras guda biyu, ta sama da ta ƙasa. Daminarsu a lokacin sanyi take, daga wajen Mayu zuwa Agusta, sannan Disamba zuwa Fabrairu zafi da rani. Damina uku a jere, 2015 da 2016 da 2017, ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai. Kuma akwai abin da mutane ba su cika sani ba: kashi 10 cikin ɗari na ƙarshe da ke gindin madatsa da wuya a iya janyo shi, don taɓo ne kuma ya sauka ƙasa da bakin bututu. Saboda haka in aka ce madatsa tana kashi 25, ruwan da za a mora kashi 15 ne.

Dokar ba rana ɗaya ta faɗo musu ba, hawa-hawa take. A matakan farko an taƙaita ban-ruwan fulawa da ciyawa, aka hana amfani da tiyo. A Yunin 2017 aka shiga mataki na 4, aka haramta taɓa ruwan famfo a duk wani aikin tsakar gida, ba wanke mota, ba ban-ruwa, ba cika kwamin ninƙaya, aka ce kowa ya tsaya a lita 100. Wata guda bayan nan aka sauko 87. Ranar 1 ga Janairun 2018 aka shiga mataki na 6: gida kada ya wuce lita 10,500 a wata, 'yan kasuwa da masana'antu su rage kashi 45 na abin da suke sha kafin fari, manoma kuma kashi 60. Wannan lita 10,500 ba da ka aka yanke ta ba, kusan mutum huɗu ne sau lita 87 sau kwana 30. Gidan da ya fi mutum huɗu yana da damar rubuta takarda a ƙara masa kaso. Wannan ƙofar tana da muhimmanci, domin doka irin wannan in ba ta san da gidan yawa ba, zalunci take zama.

Daga nan sai abin da ya karaɗe duniya, wato Ranar Sifili. Hukuma ta sanar cewa ranar da madatsun suka sauka zuwa kashi 13.5, za a rufe famfunan yawancin unguwanni, kowa ya bi layi a ɗaya daga wurare kusan 200 ya karɓi lita 25. A watan Janairu, lokacin Patricia de Lille ce magajiyar gari, an kai ga saka ranar a 12 ga Afrilun 2018. Mutane suka yi ta bin dogon layi da jarkoki a maɓuɓɓugar Newlands, ruwan roba ya ƙare a kantuna.

Ranar ba ta zo ba. An yi ta ɗaga ta, daga Afrilu zuwa Mayu zuwa Yuni zuwa Yuli, har aka soke ta. Kuma ba ruwan sama ne ya fara cetonsu ba, domin bai sauka sosai ba sai wajen Yuni, bayan madatsun sun gangaro kusan kashi 20. Birnin da kafin fari yake shan lita biliyan 1.2 a rana a tsakiyar zafi, shi ne ya dawo yana shan ɗan abin da ya haura miliyan 500. An so a kai 450, ba a kai ba, amma rage fiye da rabi a gari mai wannan girma abu ne da kowane injiniyan ruwa zai jinjina wa.

A nan nake so ki tsaya da ni, Hajiya, don nan ne amsar tambayarki ta ƙarshe take. Ba roƙo da wa'azi kaɗai ne suka rage ruwan ba. Gidajen da ke kan layin famfo suna da mita, kuma ana karanta ta. Da mitar ne aka tsara kuɗin ruwa ta yadda litocin farko suke da sauƙi, na sama kuma suke ƙona aljihu. Da ita aka gano masu ɓarna, har a 2017 aka wallafa sunayen titunan da gidaje ɗari mafi shan ruwa suke. Gidan da ya yi kunnen ƙashi sai a zo a ɗaura masa wata na'ura a bakin mita, ta saki lita 350 a rana ta rufe sai gobe, kuma maigidan ne zai biya kuɗinta. A Janairun 2018 aka saka taswira a intanet, gidan da ya kiyaye iyaka a yi masa koren ɗigo, kowa na ganin na maƙwabcinsa. Sannan akwai aikin da ba a gani: injiniyoyi sun rage ƙarfin ruwa a cikin bututu unguwa-unguwa. In ƙarfin ya ragu, abin da ke zuba daga famfo a minti yana raguwa, wanda ke tsiyaya ta tsagar bututu a ƙarƙashin ƙasa ma haka. Wannan kaɗai ya yi tsimin miliyoyin litoci a kullum ba tare da an ci kowa tara ba. Kuma duk mako ana sanar da matsayin madatsun da abin da gari ya sha, kowa na ganin lissafin da idonsa.

Injinan tace ruwan teku na wucin gadi da aka kafa a Strandfontein da Monwabisi da bakin tashar jiragen ruwa sun sha talla, amma duka ukun ba su wuce lita miliyan 16 a rana ba, kuma sun fara aiki ne bayan an wuce tsananin.

Akwai waɗanda suka biya farashi mai nauyi, kuma ba na son a ba da labarin nan a manta da su. Manoman inabi da tuffa da ke shan madatsu ɗaya da birnin an rufe musu ruwa da kasonsu ya ƙare, ma'aikatan gona dubbai suka rasa aiki. Duk da haka, a Fabrairun 2018 manoman yankin Grabouw da Elgin suka saki kusan lita biliyan 10 daga ajiyarsu zuwa birnin. Su kuwa mazauna unguwannin gidajen kwano, irin wasu sassan Khayelitsha, da ma can famfon haɗaka suke bi da bokiti, kuma duk yawansu abin da suke sha bai kai kashi 5 na ruwan birnin ba. Na'urar nan ta lita 350 ma a gidajen talakawa masu bashin ruwa aka fara ɗaura ta shekaru kafin farin, shi ya sa da yawa suke kallonta da ɓacin rai. A ganina babban kuskuren hukumomi shi ne jinkiri: an yi ta fatan damina mai zuwa za ta gyara, ga jayayya tsakanin birnin da gwamnatin tarayya, wadda ita doka ta ba ikon raba ruwan madatsu tsakanin gari da gona. Da an matse masu kwamin ninƙaya tun 2016, da wataƙila ba a kai ga tsorata kowa da rufe famfo ba.

Yanzu ga abin da ya shafi yaronki. An sassauta zuwa lita 70 a Oktoban 2018, madatsun suka cika a 2020, aka ɗage matakan farin a ƙarshen shekarar. Amma akwai dokokin dindindin da suke nan ko madatsa ta cika ta batse. Ba a ban-ruwan shuka da ruwan famfo tsakanin ƙarfe 9 na safe da 6 na yamma. Ba a wanke daɓe ko ƙofar gida da tiyo. Tiyon wanke mota dole ya zama mai bakin da ke rufe kansa. Kwamin ninƙaya a rufe shi in ba a amfani da shi. Mai rijiyar burtsatse dole ya yi mata rajista, ya kafa allo a ƙofar gida mai nuna haka. Yawancin waɗannan nauyin mai gida ne, ba na ɗan haya ba. Abin da sharaɗin takardar yake nufi shi ne takardar kuɗin ruwa da sunan mai gida take fitowa, in aka dawo da matakan fari aka wuce iyaka, shi hukuma za ta kama, shi kuma ya juyo kan 'yan haya. Don haka kafin ya sa hannu ya tambaya: ɗakin yana da mitarsa daban, ko mita ɗaya ce ga gidan duka? In ɗaya ce, yaya ake raba kuɗin, kuma mutum nawa aka rubuta wa hukuma suna zaune a gidan? A rubuta amsar a cikin takardar. Ya kuma tuna cewa karatu a can a Fabrairu ake farawa, tsakiyar raninsu ke nan, lokacin da aka fi sa ido.

Ban damu da shi ba ta fuskar sabo. Yaron da ya tashi da buta da bokiti ya riga ya iya abin da mutanen can suka koya da ƙyar. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda, wanda bai kai lita ɗaya ba. Abin da zan ja masa kunne a kai shi ne shawa mai ruwan ɗumi, ita ce ke sa baƙo ya manta kansa.

Game da mu kuwa, gaskiya ita ce a ce wa mutumin Kano kada ya wuce lita 50 magana ce mara tushe, tunda yawancin gidaje ruwan Tamburawa ko Challawa ba ya isa gare su kullum, kuma kuɗin jarka ya riga ya ƙayyade musu. Ba a taƙaita abin da ba a auna ba. Inda muke buƙatar doka da gaske shi ne ƙarƙashin ƙasa. Na sha zuwa unguwa a kira ni rijiyoyi sun ƙafe, in na duba sai in tarar an haƙa burtsatse biyar ko shida a layi ɗaya, kowace ta fi ta baya zurfi, wata ma ta mai sayar da ruwa ce da ke jan ruwa dare da rana. Mai rijiyar gargajiya shi ke fara rasawa, shi ne kuma mara ƙarfin sake haƙa. Rajistar burtsatse, da tazara tsakaninsu, da mita a kan na kasuwanci, da rubutaccen tsari tun kafin fari mai cewa in madatsar Tiga ta sauka zuwa kaza wa za a fara rage wa, waɗannan su ne darasin Cape Town da zai zauna a ƙasarmu.

In ya isa, ranar da ya karɓi makulli ya ɗauki hoton mitar da wayarsa. Sannan ya rufe duk famfunan gidan, ya jira kamar rabin awa, ya sake dubawa. In lambar ta motsa, akwai yoyo a wani wuri, galibi a tankin masai, kuma ya sanar da mai gida a rubuce tun ranar, kafin a ɗora masa kuɗin ruwan da bai sha ba.