Amsa ga ƙanena na Maraɗi kan zaman babban rukuni

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana aikin jinya a Maraɗi, kana son zuwa Ingila ka koyi yi wa masu damuwa magani ta hanyar zaman rukuni, kuma ka ga "babban rukuni" a jadawalin karatu, ko lacca ce? Ina! Shi ne ma abin da ya fi gasa ɗalibai.

Ƙaramin rukuni mutum bakwai ne ko takwas da mai jagora, minti 90. Tsarin likitan ƙwaƙwalwa S. H. Foulkes ke nan, wanda ya gwada kan sojoji a asibitin Northfield na Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma a kan wannan tsari cibiyar nazarin rukuni ta IGA (Institute of Group Analysis) ta Landan, da aka kafa a 1971, take koyarwa. A babban kuwa ɗalibai da malamai duk ake tarawa, daga talatin har sama da ɗari, kujeru da'ira cikin da'ira, wasu ƙeyarsu kawai kake gani. Ba a ba da batu. Lokacin farawa na yi, shiru ya sauka.

Na san za ka ce ai ka saba da taro. To, a fada ko wurin suna kowa ya san babba, an san mai buɗewa da addu'a. Nan babu. Ka yi ta tauna magana, zuciya na dukan uku-uku, ka faɗa, ba wanda ya tanka, wata can baya ta kawo zancen sanyin ɗakin. Rannan kuma a juyo kanka kamar kai ne kakakin Afirka ko na Musulmi gaba ɗaya. Karatun ke nan: ka ji a jikinka yadda taro ke kwashe wa mutum tunani, yadda ake neman wanda za a ɗora wa laifi. A ganina wanda bai ɗanɗana wannan ba bai kamata a ba shi marasa lafiya ba.

Ka gyara kunnenka da Ingilishi tun yanzu, don Faransancin lakwal ba zai fishe ka ba, mutane ƙasa-ƙasa suke magana. Sannan yawancin kwasa-kwasan nan ma'aikata ke yin su a gefen aiki, kuma kai kanka sai ka zauna a rukuni ana duba ka, da kuɗinka. Ka rubuta musu ka tambayi batun biza kafin ka biya ko dala.

A gaida su Inna.