Na rage kilo 24, dangin miji sun ce ciwo nake ɓoyewa

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah Ya ƙara basira.

Anti, na rasa wanda zan kai wa kukana ne shi ya sa na rubuto miki, don duk wanda na fara gaya wa sai ya ce ai Hajiya tana da gaskiya. Hajiya uwar maigidana ce. Bayan haihuwata ta uku jikina ya buɗe sosai, da na hau sikeli a asibiti aka ce kilo 93. Gwiwoyina suna ciwo, in zan hau bene sai na tsaya a tsakiya na huta. Likita ya ce jinina ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa, ya rubuta min magani ya ce in rage jiki. A lokacin babu wanda ya ce uffan. Sai dai a ce min "Hajiya babba", a ce maigida ya iya kiwo, alhali ni kaɗai na san yadda nake kwana.

Sai na ɗaura ɗamara. Na bar lemon kwalba, na bar shayi mai sukari cokali huɗu, tuwo daga malmala biyu na koma rabi, kullum bayan asuba ina zagaye tsakar gida har gari ya waye. Babu wanda ya taya ni, babu wanda ya ce sannu. Yanzu kilo 69 nake, gwiwata ta daina ciwo, ina hawa bene da yaro a goye.

To Anti, maimakon a taya ni murna, sai na zama abin nuni. Ranar sunan ɗan ƙanwar maigida, a gaban mata cike da falo, Hajiya ta kama tsintsiyar hannuna ta ɗaga sama ta ce, "Ke wai me yake cin ki? Ko abincin ne ba a ba ki?" Aka yi dariya. Wata ta ce ko kishiya ake shirin yi min. Wata ta yi ƙasa da murya ta ce a dai je a yi gwajin jini, kin san dai abin da take nufi. Ni da 'ya'yana uku a gidan, Anti. Na dawo gida na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Da na gaya wa Baban yara sai ya ce in yi haƙuri, ai tsohuwa ce. Kullum haƙuri. Lokacin da nake nishi a kan bene babu wanda ya ce masa ya kai ni asibiti, yau da na samu lafiya ne ake cewa ya kai ni.

Abin bai tsaya nan ba. Hajiya ta fara aiko min da fura da nono da kunun gyaɗa kullum, in na ba yara sai labari ya koma mata, wai na raina abin hannunta. Ƙanwarsa kuma ta kawo min wasu ƙananan ƙwayoyi a leda, ta ce in sha sati biyu kumatuna za su dawo, wai ina sa yayanta jin kunya a dangi. Jikina ne ko nasu? Ranar ma da jiri ya ɗebe ni ina tasowa daga sujada har na dafa bango, Hajiya tana gidan, sai da na daure na ɓoye don kada ta samu abin faɗa. Ni ba na wasa da lafiyata, maganin hawan jinina ban taɓa fashi ba, yadda aka rubuta min tun farko haka nake sayowa a kemis. Amma ita gani take ita ce ta damu da ni.

Kuma ni ban ma kai inda nake so ba. Lokacin aurena kilo 55 nake, akwai wata atamfa ta lefena da na ajiye a akwati, na yi wa kaina alkawarin sai ta shige ni. Wata uku ke nan sikelin ya tsaya a 69, ya ƙi motsi, ko da na daina karin kumallo na kuma sayi shayin rage ƙiba a wajen wata mata a WhatsApp. Su suna cewa na rame, sikeli yana cewa da saura. In na tuna yadda ta ɗaga hannuna a gaban mutane, sai in ji ko don in ba su haushi sai na kai 55 ɗin.

Anti, ki gaya min gaskiya, kilo nawa ya kamata in tsaya? Kuma yaya zan yi da Hajiya ba tare da na yi mata rashin kunya ba?

Taki, Maman yara uku, daga Kano.

Wa alaikumus salam 'yata.

Zan zo kan Hajiya, amma ba ita ce ta hana ni barci ba bayan na karanta wasiƙarki. Bangon nan da kika dafa ne. Kin ambace shi a tsakiyar magana kamar kina ba da labarin ƙuda ya faɗa miya, sannan kika biyo da cewa maganinki yana nan yadda aka rubuta miki tun farko. An rubuta wa mace mai kilo 93 wannan magani, yau mace mai kilo 69 ce take shan sa. Idan nauyi ya ragu, hawan jini yakan sauka tare da shi, sai maganin da a da ya yi daidai ya koma ya yi yawa, jini ya faɗi ƙasa, mutum ya miƙe tsaye ya ga duhu. Kin ɗora rashin karin kumallo a kai. Kin kuma ɗora shayin nan, wanda da yawa daga irinsa ganyen filasko ne a ciki, aikinsa saka gudawa, ruwan jiki yake zubarwa ba kitse ba. Abu uku sun haɗu suna jan jininki ƙasa, ke kuma kina ɓoyewa don kada suruka ta ci nasara. In kika faɗi da yaro a goye a kan benen nan da kike alfahari da shi fa?

Cikin satin nan ki koma asibiti, ba kemis ba. Ki tafi da kwalin maganin da sauran shayin, ki ce kin rage kilo 24 kuma jiri yana ɗibar ki. A auna jininki kina zaune, a sake aunawa kina tsaye, a duba suga, a duba ko akwai ƙarancin jini. Kada ki daina maganin da kanki, kada ki raba ƙwayar biyu da kanki. Likita ne zai rage ko ya canza. Shayin kuwa ba sai kin jira kowa ba, ki zubar.

Yanzu tambayarki. Kin gaya min abin da Hajiya ta faɗa kalma bayan kalma, amma ba ki gaya min tsayinki ba, kuma kilo ba ya magana sai an haɗa shi da tsayi. Ma'aunin da asibitoci suke amfani da shi, wanda ake kira BMI, lissafi ne mai sauƙi: a raba nauyi da tsayi a mita, a sake raba abin da ya fito da tsayin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗan wuce, daga 30 zuwa sama ƙiba ce. Idan tsayinki mita 1.60 ne, daidai ɗinki yana tsakanin kilo 47 da 64, kina da ɗan saura kaɗan. Idan 1.65 ne, yana kaiwa kusan kilo 68, wato kina bakin layi. Idan 1.70 ne, har kilo 72 daidai ne, kin riga kin shiga gida kin rufe ƙofa. Ki lura da faɗin filin: tazarar kilo goma sha shida ko fiye, duk lafiya ce. Babu wata lamba ɗaya da aka rubuta wa mace a goshi.

Ni ma ba na bauta wa wannan ma'auni. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya samo shi a ƙarni na 19 yana nazarin jama'a a dunƙule, kuma lissafin bai san bambancin kitse da tsoka da ƙashi ba. Abin da na fi yarda da shi shi ne ƙugu, domin kitsen da ke taruwa a ciki shi ne abokin tafiyar suga da hawan jini. Ki samo igiya ki auna tsayinki daga ƙafa zuwa kai, ki yanke, ki ninka ta biyu, ki zagaya ta a cikinki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ba tare da kin matse numfashi ba. In bakin igiyar ya haɗu, ƙugunki bai wuce rabin tsayinki ba, kuma abin da ake nema ke nan. In kina da tef ɗin tela, ga mace ana fara sa ido daga santimita 80, haɗarin ya fi ƙarfi daga 88, kusan inci 35.

Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane sama da 3,000 masu suga a bakin ƙofa irin naki, wanda aka fitar a 2002, abin da ya nema daga gare su shi ne su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma motsa jiki minti 150 a sati. Wannan kaɗai ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin 100. Kashi 7 ɗinki bai kai kilo bakwai ba. Ke kin rage fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na jikinki. Abin da likita ya aike ki nema kin samo shi tun tuni, har da gyara. Sikelin da ya tsaya ba taurin kai yake miki ba: ƙaramin jiki yana ƙona abinci kaɗan, kuma jikin da ya yi asara mai yawa yakan riƙe abin da ya rage. Mafi yawan masu rage ƙiba wuyar da take kayar da su ita ce tsayawa a inda suka kai, don da yawa nauyin yakan dawo musu a shekarun baya. In kika riƙe 69 ɗin nan shekara guda kina cin abinci sau uku, da wake da ƙwai da kifi da kwaɗon zogale, kin yi abin da ya fi kaiwa kilo 55 wuya.

Shi kansa 55 ɗin daga ina ya fito? Daga akwatin lefe. Nauyin yarinya ce da ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, ba ta yi jego ba, ba ta shayar da uku ba. Kuma da bakinki kin ce yanzu don ki ba su haushi kike so ki kai. 'Yata, in kin kai, haushin na kwana biyu ne a wajensu, jirin kuwa naki ne ke kaɗai.

Ni ba na shiga tsakanin suruka da matar ɗa, kowa da tasa gaskiyar. Hajiya ta tashi a zamanin da ramar mace tana nufin ko dai cuta ko dai baƙin ciki a gidan miji, kuma idonta ya ga wani abu a fuskarki da sikeli bai gani ba. A kan cewa ya isa haka, ina tare da ita. Amma ɗaga hannun uwar 'ya'ya uku a taron suna kamar ana taya akuya a kasuwa, wannan ba kulawa ba ce, cin fuska ne, kuma Baban yara bai kyauta ba da ya tsaya a "ki yi haƙuri". Magana ɗaya ce a bakinsa: "Hajiya, likita ne ya sa ta, kuma da sanina." Da ya faɗi haka tun farko da ba a kai ga batun gwajin jini ba. Ki tafi da shi asibitin, ya ji da kunnensa, shi zai kai wa mahaifiyarsa. Furar kuwa ki karɓa da hannu biyu, ki sha ludayi biyu ba sukari a gaban ɗan aiken, ki ce a gode wa Hajiya. Ludayi biyu ba za su mayar da ke 93 ba.

Ƙanwar miji ce ba zan yi wa uzuri ba. Ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ana kira sha-ka-fashe, sau da yawa deksametazon ne, maganin da likitoci suke bayarwa da lissafi don wasu cututtuka. Kumatun da yake kawowa kumburi ne, yana hawar da suga, yana hawar da jini, yana raunana ƙashi. A miƙa wa mai hawan jini wannan don kada yaya ya ji kunya? Ki haɗa ledar da kayan da za ki nuna wa likita.

Ku kuma mata masu karanta shafin nan, da ku nake. Mace ta kumbura har tana nishi, mu ce ta samu kwanciyar hankali. Ta yi ƙoƙari ta sauke, mu bi ta da raɗa, mu laƙa mata cutar da ba mu da shaida a kai, a gaban 'ya'yanta. Ramar da take abin tsoro ita ce wadda ta zo ba a neme ta ba, musamman in akwai yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari mai daɗewa, ko zufar dare. In kun ga wannan a jikin 'yar'uwa, ku ja ta gefe ku raka ta asibiti. A falon suna babu abin awo, babu likita.

Atamfar nan ki fito da ita ki kai wa tela ya buɗe ta, in babu wurin buɗewa ki ajiye wa 'yarki in kina da mace. Sannan ki sake rubuto min da tsayinki, da awon ƙugunki, da abin da likita ya ce game da maganin. Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya zuri'a.

Anti