Mai sarewar Misisipi da yadda ake fafe irin tasa

Tambaya: Malam, na ji wani kiɗan Amurka na sarewa da ganguna, aka ce mini bulus ne, wato wani salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Wane ne mai busar, kuma gorarmu za ta yi irin sarewar?
Mai karatu daga Garwa

Amsa: Da alama Otha Turner ka ji, manomi daga Gravel Springs a arewacin jihar Misisipi. Noma ne sana'arsa, busa kuwa sai ranar biki, inda yake yanka akuya duk shekara a yi ta kiɗa da babbar ganga da ƙanana. Cikakken faifansa na farko bai fito ba sai 1998, yana da shekara kusan 90. Ya rasu a 2003, jikarsa Sharde Thomas ta gaje shi. Ya cancanci a san shi fiye da haka.

Da kansa yake yin sarewarsa, da gora da ƙarfe mai zafi, kuma tamu za ta yi. Samo busasshiya, tsawon santimita 35 zuwa 40. Ɗanya tana tsukewa, muryar ta canza. Sa siririn ƙarfe a wuta ya yi ja, ka fasa gaɓoɓin ciki, ka bar ta ƙarshe a toshe. Kusa da ita za ka ƙona ramin busa. Kada ka huda da ƙusa, gorar tsagewa take yi.

Ramukan yatsu fara su ƙanana, kana busawa kana saurare. Faɗaɗa rami yana sa muryar ta ƙara sirancewa, kuma in ya wuce, ba gyara. Da hunturu shafa mata man gyaɗa ciki da waje, don iskar arewa tana tsaga gora.