Wuraren tarihi da suka fi cancantar ziyara a Faransa ga mai mako guda

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kai malamin Faransanci ne, za ka je kwas a Paris, kuma bayan an kammala za ka sami kusan mako guda na kanka, shi ne kake tambayar wuraren da za su nuna maka tarihin Faransawa da al'adunsu ban da Hasumiyar Eiffel. Na yi zaman karatu a ƙasar, kuma na sha raka baƙi daga gida zuwa waɗannan wurare, saboda haka ga abin da nake gani.

Yawancin masu zuwa sukan taho da dogon jerin sunaye, su yi ta gudu daga wannan gini zuwa wancan suna ɗaukar hoto, har ranar komawa ta zo ba su san wanda ya gina ko ɗaya ba, balle dalilin gina shi. Tunda kai ɗalibai za ka koma ka yi wa bayani, ya fi maka ka zaɓi wurare kaɗan, ka bi su yadda tarihin ya jera su, wato zamanin sarakuna da coci, sannan juyin juya halin 1789, sannan zamanin mulkin mallaka, wanda a nan ne labarinsu ya haɗu da namu.

Ka fara da tsibirin Cité da ke tsakiyar Kogin Seine, domin nan ne tushen birnin. Majami'ar Notre-Dame tana nan, an aza harsashinta a 1163, gobara ta cinye rufinta a ranar 15 ga Afrilun 2019, aka sake buɗe ta a Disambar 2024. Kusa da ita akwai Sainte-Chapelle da Sarki Louis na 9 ya gina, wadda bene na sama kusan duk bangonsa gilashi ne mai launi, amma kada ka shiga sai ranar da rana ta fito sosai, domin in akwai hadari rabin kyawunta ya tafi. A jikinta kuma ga Conciergerie, kurkukun da aka tsare Marie-Antoinette, matar Sarki Louis na 16, kafin a fille mata kai a Oktoban 1793. Idan kana da taka-tsantsan game da shiga majami'u, wannan tsakaninka da malamanka ne, kuma ko daga waje gine-ginen sun isa kallo.

Fadar Versailles kuwa ka ware mata yini cur, kuma ita ce wurin da na fi so ka tsaya ka yi nazari. Louis na 14 ya mayar da fada da gwamnati can a 1682, kuma ba don son ƙawa kaɗai ya yi hakan ba. Tun yana yaro ya ga yadda manyan masu sarauta suka yi wa gadon mulki tawaye, saboda haka da ya kama ragama sai ya tattaro su kusa da shi, ya shagaltar da su da gasar wa zai tsaya kusa da sarki in ya tashi daga barci, wa zai miƙa masa riga. Wanda ya san yadda hakimai suke zaune a cikin birni kusa da sarki a Kano kafin zuwan Turawa ba zai sha wahalar gane dabarar ba. Za ka bi ta ɗakin kwanan sarki, ka ga shingen zinariya da ya raba gadon da masu kallo, sannan ka fito babban zauren madubai, inda aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya a ranar 28 ga Yunin 1919. In ka gama da cikin gida ka shiga lambu, ka yi tafiya har ƙafarka ta gaji, ka waiwayo ka dubi fadar daga nesa. A nan ne mutum yake fahimtar abin da ya sa matan kasuwar Paris suka taka da ƙafa zuwa wurin a Oktoban 1789 saboda tsadar burodi, suka tilasta wa sarkin lokacin, Louis na 16, komawa birni.

Gidan adana kayan tarihi na Louvre shi ma tsohuwar fada ce da masu juyin juya hali suka buɗe wa talakawa a 1793. Ba a gama shi a yini guda, kuma bai kamata ka gwada ba. Zanen Mona Lisa ƙarami ne, yana bayan gilashi, cincirindon jama'a ba zai bar ka ka matsa kusa ba, don haka ka leƙa ka wuce. Ni na fi ba da lokacina ga dutsen da aka rubuta dokokin Hammurabi, tsohon sarkin Babila, a jikinsa, da sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, inda akwai tasoshin tagulla na Masar da Sham, da dardumai da tangaran na Farisa.

Ranar Juma'a ka nufi Babban Masallacin Paris da ke kusa da lambun Jardin des Plantes. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yaƙi a ɓangaren Faransa, kuma gininsa irin na Maroko ne, da farfajiya mai maɓuɓɓugar ruwa. Ka je da wuri domin cika yake yi, bayan salla kuma akwai wurin shan shayin na'a-na'a a gefensa. Daga nan sai gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006 dab da Hasumiyar Eiffel, inda aka tara kayan Afirka da Asiya da sauran nahiyoyi. Wurin yana da kyau, amma ɗan Afirka ba ya fita daga cikinsa da zuciya wasai, domin da yawa daga kayan a lokacin mamaya aka kwaso su. Daga nan ne aka mayar wa Jamhuriyar Benin kayayyaki 26 na fadar Abomey a 2021, waɗanda sojojin Faransa suka ɗebe a 1892. Ka riƙa karanta ƙananan allunan da ke gefen kowane abu, ka lura da shekarar da aka samo shi da sunan wanda ya kawo.

Idan kwana ɗaya ya rage maka, mutane za su ce ka tafi Mont-Saint-Michel, wani ɗan tsibiri a gaɓar teku mai tsohuwar majami'a a kan dutse, kuma ba su yi ƙarya ba wajen kyawunsa, sai dai tafiyar tana cin yinin. Ni Lyon zan zaɓa maka, kimanin awa 2 ne a jirgin ƙasa mai sauri na TGV. Tsohon garin yana da lunguna masu ratsawa ta cikin gidaje, ga unguwar Croix-Rousse ta masaƙan siliki. Arewa da birnin kaɗan akwai ƙauyen Chasselay, inda sojojin Jamus suka ware sojojin Afirka ta Yamma da ke cikin rundunar Faransa daga fararen fata suka karkashe su a Yunin 1940, kuma an kewaye maƙabartarsu da jar katanga irin ginin ƙasashenmu.

Ka sayi tikitin Louvre da Versailles ta intanet tun kafin ka tashi, mai ɗauke da rana da sa'a, in ba haka ba layi zai cinye maka hantsi. Ka kula da aljihunka a cikin jirgin metro da gindin Hasumiyar Eiffel, domin 'yan sane sun san baƙo da gani. Wajen tsara kwanakin kuma ka tuna cewa Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, Versailles da Quai Branly kuwa ranar Litinin suke hutu. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.