Na sayi gida a hannun wakili, ashe mai gidan ya riga ya tsige shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, dan Allah a taimaka min wlh bacci ya ƙaurace min. Na sayi gida a hannun wani mutum da ya zo da takardar wakilci wadda yayansa mai gidan ya ba shi, shi yayan yana ƙasar waje, na ga sa hannu na ga hatimi na biya kuɗi cas, to bayan wata biyu sai ga mai gidan ya kira ni wai ai tun kafin cinikin da sati uku ya soke wakilcin, in fita masa daga gida. Ni ban san komai ba. Shikenan kuɗina sun tafi kenan?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki tukuna, kar ki kwashe ko tsinke daga gidan nan saboda kiran waya.

A ciniki irin wannan ku uku ne, mai dukiya, wakilinsa, sai ke ta ukun da kika karɓi takardar kika yi aiki da ita. Ke ba kya nan lokacin da suka ƙulla, ba kya nan lokacin da suka warware, to ta yaya za a ɗora miki laifin abinda aka yi a bayan idonki? Shi ya sa dokoki da yawa suka tsaya wa mutum na ukun, domin in ba haka ba babu banki ko mai saye da zai ƙara kallon takardar wakilci, kowa zai ce sai mai abu ya zo da ƙafarsa, tsoho da mara lafiya da wanda ke tafiya su ne za su sha wahala.

Misali a Ingila akwai dokar wakilci ta 1971, sashe na 5 ya ce in an soke wakilci amma wanda ya yi hulɗa da wakilin bai sani ba, to cinikin yana nan daram kamar ba a soke ba. A Amurka kuma akwai daftarin dokar wakilci na bai-ɗaya na 2006 wanda jihohi da dama suka ɗauka, sashe na 119 yana kare wanda ya karɓi takardar da aka tabbatar a gaban notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu a kan takardu, matuƙar da zuciya ɗaya ya karɓa kuma bai san tana da matsala ba. Har ya ba shi damar ya ce wa wakilin rubuta min rantsuwa cewa wakilcin nan yana aiki, ko ya nemi ra'ayin lauya a rubuce. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da taɓa wannan, a wajen Hanafawa wakili bai tsigu ba sai labarin tsigewar ya iso masa.

Amma fa Hajiya duk kariyar nan a kan abu ɗaya ta rataya, rashin sani. Kuma rashin sani na gaskiya, ba na wanda aka gaya wa ya toshe kunne ba. Don haka tambayar da zan miki wadda lauyan mai gidan ma ita zai fara yi miki a kotu: kafin ki tura kuɗin akwai wanda ya taɓa ce miki wa da ƙanin nan sun samu saɓani? Akwai saƙo a wayarki, ko da layi ɗaya ne, da ke cewa ki dakata? In akwai, gaya wa lauyanki tun yanzu kar ya je ya ji a bakin abokin shari'a. Mutuwa ma haka take, ita kanta tana warware wakilci na yau da kullum, kuma a dokar Ingilar nan in kin san mai dukiyar ya rasu to daidai yake da kin san an soke, ba za ki ce ai ba a kawo min takardar sokewa ba.

Sai abu na biyu da mutane ke tsallakewa, ni kuma yana damuna sosai. Ɗauko kwafin takardar ki karanta da kanki layi layi, me aka wakilta shi ya yi? Sau da yawa abinda ke ciki shi ne ya kula da gida ya karɓi kuɗin haya ya yi gyara, kalmar sayarwa babu ita sam, mai saye kuma ya hango hatimi ja kawai ya saki jiki. In takardar ba ta ba shi ikon sayarwa ba, zancen ban san an soke ba ba zai cece ki ba, tunda tun asali ba shi da wannan ikon. Haka nan in takardar jabu ce, mai gidan bai taɓa sa hannu ba, wannan wata shari'ar ce daban mai nauyi, sashe na 5 ɗin can sokewa yake magana a kai ba jabu ba. Ke dai naki da sauƙi ta nan, tunda da bakinsa ya ce ya soke, kinga ya amsa cewa shi ya bayar kenan. In a rubuce ya faɗa ki adana saƙon nan kamar zinare.

Shi ma mai gidan akwai tambayar da ke jiransa, da ya soke wa ya sanar? Ya karɓe asalin takardar daga hannun ƙanin nasa, ko ya bar shi yana yawo da ita? In ƙanin ya san an tsige shi ya ci gaba da sayarwa, to rigimar kuɗin tsakaninsu take.

Dokar ƙasar da gidan yake ita za ta yi hukunci, musamman ƙa'idar rajistar filaye da gidaje, don haka cikin satin nan ki haɗa kwafin wakilcin, yarjejeniyar cinikin, rasit ɗin banki mai kwanan wata da duk saƙonninku, ki kai wa lauya. In mai gidan ya sake kira kar ki yi musu da shi kar kuma ki yi masa alkawarin komai, ki ce ya turo takardar sokewar da ranar da aka yi ta da sunan wanda ya sanar.