Me Ya Sa Ƙananan Jijiyoyin Zuciya Ba Su Fito A Hoton CT Ba?

Tambaya: Likita, an yi wa mahaifina hoton CT na jijiyoyin zuciya, aka ce ya yi dishi-dishi, ƙananan jijiyoyin ba su fito ba, sai an sake. Na'urar ce ba ta da kyau, ko akwai abin da za mu yi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Sau da yawa ba laifin na'ura ba ne, motsi ne. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya faɗinsu milimita 3 zuwa 4 ne a tushe, rassansu kuwa sukan sirance har ƙasa da milimita 2. Ga abu kamar zare, ga shi manne da zuciyar da ba ta tsayawa. Kin taɓa ɗaukar hoton yaro yana tsalle? To haka ne.

Shi ya sa muke so bugun zuciya ya sauko wajen 60 a minti kafin a ɗauka. Mukan ba da ƙwayar rage bugu, sannan mu sa wani magani mai suna naitirogilisarin a ƙarƙashin harshe don jijiyoyin su buɗe, ruwan allurar da ke haska su ya ratsa har rassa. Amma duk wannan a banza idan dattijo ya ci goro da safe. Goro, kofi da shayi duk suna ɗaga bugu, a bar su aƙalla awa 12. Ku kuma riƙa gwada masa riƙe numfashi na daƙiƙa 10 a gida, yana kwance, hannuwa sama da kai. Wasu ba sa gane umarnin da ake ba su a ɗakin ne kawai, sai su shaƙa a tsakiyar ɗauka.

Ku faɗa wa likita idan yana da asma ko ciwon ƙoda. Batun maganin ƙarfin maza irin su Viagra kuma, a bar shi da likita su biyu ya tambaye shi, domin haɗuwarsa da naitirogilisarin na iya faɗar da jini ƙasa warwas.

Akwai inda shiri ba ya isa. Idan sinadarin kalsiyam, irin wanda ke cikin ƙashi, ya taru a bangon jijiya, yakan yi haske ya rufe ramin da ake son gani. Sabbin na'urorin da ke ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya-ɗaya, waɗanda Amurka ta amince da su a 2021, sun rage wannan matsala. Idan ba a same su ba, sai a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya har zuwa zuciya, a zuba ruwan allurar kai tsaye cikin jijiyoyin, a ɗauki hoton.