Sau biyu muna neman tallafin gwamnati na ciyar da mabuƙata ba mu samu ba, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu mata ne goma sha biyu, muna da 'yar ƙungiya, shekara uku kenan muna dafa abinci muna raba wa marasa ƙarfi sau biyu a sati, da kuɗin aljihunmu da ɗan abin da masu hali ke ba mu. Sau biyu muna cike fom ɗin tallafin da gwamnati ke ba masu irin aikinmu amma shiru, alhali wasu da ba su kai mu aiki ba sun samu. Mu dai kuɗin sayen kayan abinci kawai muka nema. Don Allah a ina muke kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Ban ga fom ɗinku ba, amma jimlarki ta kusa da ƙarshe ta sa na fara zargin inda gizo ke saƙar: kuɗin sayen abinci kawai kuka nema.

Kin ga tallafin gwamnati ba sadaka ba ne, duk da cewa ba bashi ba ne da za a ce ku biya. Ya fi kama da kwangila. Mai hali idan ya ba ki kuɗi ya gama, ladansa yake nema, shi kuwa jami'in da ya sa hannu aka ba ki kuɗin gwamnati akwai masu binciken kuɗi a bayansa da za su zo bayan shekara ɗaya ko biyu su ce ina rasit, mutum nawa suka ci, me ya canza, idan babu amsa shi ne zai kwana a ciki. Shi ya sa ƙungiyar da ba ta kai ku aiki ba amma takardunta tsaf suke sai ta wuce ku. Ban ce adalci ba ne fa, amma haka abin yake tafiya kusan ko'ina.

Sannan tallafin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Akwai wanda abinci ne zalla, kamar TEFAP, shirin taimakon abinci na gaggawa na Amurka da ya faro a 1981, gwamnati ce ke sayen kayan ta ba jihohi, su ba manyan rumbunan tara abinci, su kuma su rarraba wa ƙananan ƙungiyoyi. Irin wannan ba fom ɗin kuɗi za ki cike ba, rajista za ki yi da babban rumbun. Akwai na kayan aiki, misali asusun da Kanada ta buɗe a 2019 da dala miliyan 50 na ƙasar na tsawon shekara biyar, firiza da motar ɗaukar kaya da kayan kicin da na lambu yake saya. Idan kika je irin wannan kika ce a ba ki kuɗin cefane to tun a zagayen farko za a ajiye takardarki, ko da kuwa mutum dubu kike ciyarwa. Akwai kuma na uku wanda burinsa mutane su daina dogaro da layin karɓar abinci gaba ɗaya, irin su lambun unguwa, koyar da noma, haɗa ƙananan manoma da masu saye. Brazil ta yi nisa a nan, dokar da ta yi a 2009 ta ce a wancan lokacin aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da 'yan makaranta a kashe shi wajen sayen amfanin gonar ƙananan manoma.

To ku koma ku duba sanarwar da kuka nema, wanne ne a ciki? Yawanci akwai wani shafi da ke jera abin da kuɗin ba zai biya ba, kuma wallahi shi ne shafin da aka fi tsallakewa.

Wani abin kuma, gwamnati ba ta cika son ta zama ita kaɗai ce uwa da uba ba. Shirin tallafin ayyukan abinci na al'umma da Amurka ta kafa a dokar noma ta 1996 sharaɗinsa duk dala ɗaya da aka ba ki ke ma ki kawo kwatankwacinta. Asusun Tarayyar Turai na taimakon mafi talauci, wanda ya kai sama da yuro biliyan 3.8 daga 2014 zuwa 2020, shi ma sai da kowace ƙasa ta zuba aƙalla kashi 15 nata. Kar wannan ya tsorata ki, a shirye-shirye da yawa ana lissafa lokacin 'yan sa-kai da wurin da aka ba ku kyauta da kayan da aka ba ku a matsayin naku kason. Mata goma sha biyu, sau biyu a sati, shekara uku, wannan dukiya ce babba, amma fa sai in an rubuta.

Rubutun nan shi ne zan fi nanata miki. Na taɓa taya wata ƙungiya shirya rahoto, ma'ajinsu ya kawo min kwali cike da rasitai, rabi tawadar ta goge fari fat don irin takardar nan ce ta na'ura da ke dushewa, sauran kuma babu kwanan wata. Mutanen kirki ne, ko sisi ba su ci ba, amma ba su iya nunawa ba. Ku sayi littafi ɗaya, duk ranar rabo a rubuta kwanan wata, kwano nawa aka raba, gida nawa, yara nawa, nawa aka kashe, wa ya zo aiki. Rasit kuwa a ɗauki hotonsa da waya a ranar. Sunayen masu karɓa ku riƙe su a sirri, adadi ake so a fom ba tona asirin mutane ba.

Sai rajista da hukuma da asusun banki da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu. Idan asusun shugaba kuka saka, shi kaɗai ya isa a ƙi ku. Idan rajistar za ta ɗauki lokaci, shirye-shirye da dama suna yarda wata babbar ƙungiya mai rajista ta karɓi kuɗin a madadinku, ku dai yi yarjejeniya a rubuce kan kason da za ta cire na ɗawainiya.

Ni a ganina ma ko da an ba ku zaɓi, kayan aiki ya fi muku kuɗin cefane, don tallafi wa'adi gare shi, ranar da ya ƙare waɗanda kuka saba wa ba za su daina zuwa ƙofarku ba. Firiza kuwa tana nan, kuma ita ce za ta ba ku damar karɓar rarar abinci daga 'yan kasuwa ba tare da ya lalace ba. Amma ku sa kuɗin wuta da gyara a kasafin, na ga firiza sabuwa fil da ta koma akwatin ajiye tukwane saboda ba a yi wannan lissafin ba.

Kafin ku sake nema, ku rubuta wa ofishin da ya ƙi ku wasiƙa cikin ladabi ku nemi dalili, da makin da aka ba ku idan suna bayarwa. In kun samu amsar ki turo min tare da sanarwar mu duba tare.